Ɗanku Yana So Ya Zama Likita? Ku Duba Lokaci

Kowace shekara bayan an gama girbi, iyaye sukan tare mu a bakin ɗakin sujada a nan Zango, suna tambaya ko lokaci ya yi da za a saya wa yaro fom ɗin JAMB. Mukan mayar musu da tambaya: ya gama karatun kimiyyarsa?

Tun 1978 hukumar JAMB ke shirya jarrabawar shiga jami'a. Mai neman likitanci zai amsa darussa 4: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, maki 400 ke nan gaba ɗaya. Tambayoyin kuwa daga karatun shekara 3 na babbar sakandare ake ɗebo su, kuma galibi ana yin ta kafin WAEC. Wato ɗan aji na ƙarshe yakan zauna gaban kwamfuta tun malaminsa bai kai ƙarshen littafi ba.

Mun ga yarinya mai ƙwazo wadda mahaifinta ya sayar da buhun gero ya biya mata. Ta ci maki masu kyau, kowa ya yi murna. Da sakamakon WAEC ya fito sai ga shi Fizis ta kayar da ita, domin makarantarsu ta yi zango biyu ba malamin darasin. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne kawai, ba ya jiran kowa. Kafin ta gyara Fizis ya riga ya mutu, gero kuma ya tafi.

Makarantun likita, irin ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da ta fara a 1967, suna neman kiredit 5: Turanci, Lissafi da darussan kimiyya ukun nan. Da yawansu ma a zama ɗaya suke so, ba a haɗo na WAEC da na NECO ba. To, a ganinmu, in yaro yana da rauni a ɗaya daga cikinsu, gara ya fara tsayar da kiredit ɗinsa, ya yi shekara yana bita, sa'an nan ya tunkari JAMB. Shekara ɗaya ba hasara ba ce ga mai shirin karatun shekara 6, ko da yake mun san bakin maƙwabta da zafi.

Akwai kuma wata hanya. Mai cikakken kiredit yana iya yin karatun IJMB, kamar a makarantar share fage ta Funtuwa, ya nemi shiga aji 2 na jami'a, amma guraben likitanci ta nan kaɗan ne.

Ku masu yara a aji 3 na ƙaramar sakandare, naku aikin yanzu ne, gama a shiga babbar sakandare ake raba 'yan kimiyya da sauran. Ku je makarantar da ƙafarku, ku tambaya ko akwai malamin Fizis da na Kemistiri, ku ce a nuna muku ɗakin gwaje-gwaje.