Mota da Tsakar Dare: Abin da Aka Gwada a Makarfi

Idan naƙuda ta zo wa mace da gardama cikin dare a wani ƙauyen Makarfi, Kudan ko Ikara, tambaya biyu ke fara faɗo wa maigida: motar wa za a samu, kuma da me za a biya? Kafin a amsa su, jini na zuba.

Wannan jinkiri ne wasu masana na Jami'ar Ahmadu Bello suka bi diddiginsa a ƙasar Makarfi. Sun zauna da mutanen gari, suka ji daga bakinsu cewa rashin kuɗi a hannu da rashin abin hawa ne ke tsare mace a ɗaka. Sai da suka fara gyara aikin karɓar haihuwa a asibiti tukuna. A ganina nan hikimar take, don kai mai jini inda ba ungozoma ba magani wahala ce kawai aka ƙara mata.

A farkon 1995 aka kafa asusun rance, kuma jama'a ne suka gindaya sharuɗɗansa: kowa ya sa nasa, ba ruwa a bashin, ba a bayarwa sai don matsalar haihuwa, a ɗaga wa mutum ƙafa wata shida, ya biya cikin shekara biyu. Direbobi 23 suka yi alkawarin amsa kira kowane lokaci a kan kuɗin mota da aka yanke, wasu 58 suka yarda da karɓa-karɓa. Cikin wata tara an ba da rance 18. Wani zai raina adadin, amma kowane ɗaya mace ce da aka fitar daga ɗaki. A 1997 aka wallafa sakamakon.

Daga baya jihohin Arewa da dama suka haɗa hannu da ƙungiyar direbobi ta NURTW a kan irin wannan jigilar gaggawa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, Kaduna ta kafa hukumar inshorarta, KADCHMA.

Sai dai doka ba ta tayar da direba daga barci. Yana da kyau kwamitin lafiya na kowace mazaɓa, daga Hunkuyi har Ikara, ya san lambar wayar wanda zai fito da ƙarfe biyu na dare, da kuma wanda ke riƙe da kuɗin mai.