Wane Fulogi Ne Ya Dace Da Motarka?

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Samaru, ta bi ta Kwangila ta shiga Sabon Gari, ba zai rasa ganin ƙaramar mota a gefen titi an buɗe mata gaba ba, mai ita yana tsaye yana sharce gumi. Sau da yawa in an bincika, sai a tarar abin da ya tsai da ita bai wuce tsawon yatsa ba, watau fulogi. Mai motar kuwa, ko malamin Jami'ar Ahmadu Bello ne ko direban haya, sai ya miƙa wa yaron gareji kuɗi ya ce a je Sabon Gari a sayo masa fulogi huɗu, kamar mai aiken goro. To, daga nan ɓarna take somawa.

Ga aikin fulogi a taƙaice. Batir yana ba da wuta bolt 12 kacal, kwayil shi ne yake ɗaga ta har ta haura bolt 20,000, sa'an nan ta tsallake ɗan ratar da ke bakin fulogi ta yi tartsatsi, ta kunna fetur da iskar da ke cikin silinda. Tun 1902 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da irin wannan fulogi, har yau kuwa tushensa bai sāke ba.

Abin da ya fi saurin kashe inji shi ne tsawon zaren da ake murɗawa. Tsohuwar Volkswagen mai inji a baya, irin wadda aka soma harhaɗawa a Ikko a 1975, gajeren zare take so, wajen milimita 12.7. Motoci da yawa na bayanta kuwa milimita 19 suke ɗauka, waɗansu sababbi ma sun fi haka. In aka sa dogo a gurbin gajere, fistin yana iya dukansa, ko kuwa dauɗa ta kama ragowar zaren, ran da aka zo kwancewa ya tafi da zaren kan inji gaba ɗaya. Kuɗin wannan gyara ya ninka na fulogi sau da yawa.

Amma inda aka fi ruɗewa shi ne batun zafi. Bakin fulogi yana bukatar ya kai wajen digiri 500 kafin ya ƙone baƙin hayaƙin da ke taruwa a kansa, in ya zarce 800 da nisa kuma sai ya riƙa kunna mai tun lokaci bai yi ba, har ya huda fistin. Saboda haka ake yin fulogi mai riƙe zafi da mai saurin zubar da shi, aka ba kowanne lamba. Sai dai kamfanoni ba su haɗa baki a kan lambar ba. A wurin NGK na Japan, in lamba ta hau fulogi ya fi sanyi, watau 7 ya fi 5 sanyi. A wurin Bosch kuwa akasin haka ne. Wanda ya riƙe lamba kaɗai a ka, ya manta da sunan kamfani, yana iya komawa gida da kishiyar abin da ya je nema, shi da mai kanti kowa yana ganin ya yi daidai.

Yadda ake moron mota ma yana da nasa. Wadda aikinta bai wuce kai yara makaranta da zagayen cikin Samaru ba, injinta ba ya samun zafi sosai, fuloginta yakan yi baƙi da wuri. Wadda take zirga-zirga tsakanin Zariya da Kaduna ko Kano ba ta cika wannan ciwo ba. Duk da haka kada mutum ya sauya lamba da ka. Abin da littafin motar ya faɗa shi ne abin bi, in babu littafi a tafi kanti da tsohon fulogin a hannu.

Tsohon nan kuma shaida ne, a dube shi kafin a yar. In bakinsa ruwan ƙasa ne, inji lafiya lau. In baƙi ne busasshe, mai ya yi wa iska yawa, kuma a lokacin hunturu abin zargi na fari shi ne matatar iska da ƙura ta toshe. In yana naso da baƙin mai, ciwon yana can cikin inji, sabon fulogi ba zai warkar da shi ba. In ya yi fari fat yana ƙuraje, zafi ya yi masa yawa. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, silinda ɗaya da ba ta kamawa sosai asara ce da ake ji a aljihu kowace safiya.

Akwai fulogi mai bakin iridiyam wanda yakan kai kilomita 100,000, alhali na gama-gari bai cika wuce 30,000 ba. Yana da kyau, amma tsadarsa ta sa masu jabu suka fi kwaikwayonsa, har kwali da tambari. A ganinmu, in an yi maka tayinsa a farashin na gama-gari, gara ka sayi na gama-garin na ainihi.

Wajen ɗaurawa, a bari inji ya huce, a auna ratar baki ta yi daidai da abin da littafi ya ce, galibi tsakanin milimita 0.7 da 1.1. A fara murɗawa da hannu har ya zauna, sa'an nan a sa sifana a ƙara kamar rabin zagaye in sabo ne mai wasa. In ya cije tun a murɗi na biyu, a warware a sāke, kada a tilasta.