FASHIN BAƘI: Kafin a mayar da zaure ko shagon ƙauye masaukin haya a Zamfara, izinin wa ake nema?

A Disambar 2024 Ministan Ma'adanai, Dele Alake, ya sanar da ɗage haramcin haƙar ma'adanai da Gwamnatin Tarayya ta ƙaƙaba wa Jihar Zamfara tun Afrilun 2019. Duk inda zinare ya fito kuwa, baƙi na biye da shi: masu saye, dillalai, direbobi da leburori, kuma kowannensu yana buƙatar inda zai ajiye haƙarƙarinsa idan dare ya yi. Ƙauyuka irin su Sunke da Bagega a Ƙaramar Hukumar Anka ba su da otal irin na Gusau. Abin da suke da shi shi ne zaure, da shagon samari, da tsohon ɗakin ajiyar kayan gona.

A ɗauka wani magidanci a Sunke ya yaɓe irin wannan ɗaki da siminti, ya sa kwano da ƙofar ƙarfe, ya shimfiɗa katifu, ya fara karɓar kuɗin kwana. A ganinsa, ɗakinsa ne a filin da ya gada, babu ruwan kowa. A idon doka kuwa ya canza amfanin wurin daga na zama ko na noma zuwa na kasuwanci, kuma hukuma fiye da ɗaya ke da ta cewa.

Saukar da baƙo don kuɗi ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Fatake sun daɗe suna sauka a zango ko a gidan fatoma, wanda ke ba su makwanci, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da masu saye. A wancan tsari izini na hannun mai gari, wanda ya san wa ya shigo da kuma gidan da ya sauka. Har gobe mutane da yawa na ɗaukar amincewar mai unguwa ko dagaci a matsayin ƙarshen magana. Amincewar tana da daraja a zamantakewa, amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ba ta ba masu sarauta ikon bayar da haƙƙin mallakar fili ba.

Dokar, wadda gwamnatin soja ta Olusegun Obasanjo ta kafa, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sai ta raba aikin gida biyu: filayen da gwamna ya ayyana a matsayin birni suna ƙarƙashinsa kai-tsaye, sauran kuma ƙaramar hukuma ke kula da su. Sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin zama na gargajiya don noma, gina gida da sauran buƙatu. Ke nan ga mutumin Sunke, ƙofar farko ita ce sakatariyar Anka. Ga na 'Yargalma, ta Bukkuyum. Ga na ƙauyukan Gummi, tasu. Wanda ke son takardar mallaka mai sa hannun gwamna, wadda bankuna suka fi yarda da ita a matsayin jingina, sai ya nufi Gusau, inda hukumar ZAGIS ke riƙe da rajistar filaye. Irin wannan takarda tana fayyace abin da aka ba da filin dominsa, kuma sashe na 28 ya ba gwamna damar soke ta idan aka saɓa wa sharuɗɗanta.

Sai dai mallakar fili daban, izinin gini daban. A nan ne da yawa ke tuntuɓe. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992, ta zamanin Janar Ibrahim Babangida, ta ce kada a yi wani aikin raya fili sai da izini, kuma ma'anar da ta ba wannan aiki ba ta tsaya ga aza tubali ba: ta haɗa da duk wani canjin amfani da zai yi tasiri ga muhalli. A 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar da Gwamnatin Tarayya, Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari da bayar da izinin gini hurumin jihohi ne. A Zamfara wannan aiki na hannun hukumar ZUREPB. Bayan shekara goma, a Yulin 2013, kotun ta sake ba Legas gaskiya: rajista da lasisin otal-otal ma na jihohi ne, ba na hukumar yawon buɗe ido ta tarayya ba.

Idan aka tattara, Abuja ba ta da ta cewa a kan ɗakin. Ikonta na kan abin da ke ƙarƙashin ƙasa, domin sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulki ya mallaka mata dukkan ma'adanai. Zinaren na tarayya ne, filin yana hannun ƙaramar hukuma, izinin gini da lasisin masauki na jiha, shi kuma baƙon dagaci ne kaɗai zai iya sanin ya iso. A jihar da ta ƙaddamar da Shari'a a Oktoban 1999, Hisba ma na sa ido a kan abin da ke gudana a gidajen saukar baƙi. Ga kuma dokar yaƙi da 'yan bindiga da Gwamna Bello Matawalle ya sanya wa hannu a Yunin 2022, mai hukunci mai tsanani ga masu taimaka musu. Mai masaukin da ba ya rubuta sunan wanda ya kwana a ɗakinsa yana wasa da 'yancinsa ne.

Wani zai ce wa zai taso daga Gusau, ya bi hanyar Anka zuwa Bagega da ta yi ƙaurin suna da kwanton ɓauna, don ya duba takardar ɗaki ɗaya? Gaskiya ne, kuma shi ya sa rashin izini ba ya damun kowa, sai ranar da gwamnati ta buƙaci filin ko siyasa ta juya. Mutanen Kano sun ga haka a Yunin 2023, lokacin da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi. 'Yan kasuwar Filin Idi sun je kotu da takardunsu, har Babbar Kotun Tarayya ta yanke musu diyyar naira biliyan 30. Wanda ba shi da ko fallen takarda, da wuya ya kai ga nan.

Amma a Sunke akwai abin da ya fi rusau muni. A 2010 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta gano cewa yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa don neman zinare yana ɗauke da dalma mai yawa, kuma ana kawo shi cikin gari, a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta bi ƙasa, ta bi kwanukan abinci, ta bi hannayen yara masu rarrafe. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu. A wasu wuraren da aka auna, dalma ta haura kashi 10 cikin 100 na ƙasar. Sunke na cikin ƙauyuka bakwai na farko da aka tsabtace, tare da Dareta, Abare, Duza, Tungar Daji, Tungar Guru da 'Yargalma: aka kankare saman ƙasar gidaje, aka binne ta a rami, aka zuba sabuwa. Bagega sai da ta jira har 2013 kafin kuɗin aikinta su fito.

Idan aka duba da kyau, wannan bala'i ma canjin amfani da gini ne. An mayar da gidajen zama masana'antar sarrafa dutse, babu wanda ya nemi izini, babu kuma wanda ya zo ya tambaya. Dalma ba ta ruɓewa a ƙasa kamar taki. Tana nan har sai an kwashe ta. Saboda haka ɗakin da ya taɓa zama ma'ajiyar dutse, ko wanda ƙasar ginin bangonsa ta fito daga gurɓataccen wuri, ba ya zama lafiyayye don an shafa masa fenti. Kuma baƙon da ya dawo daga rami da ƙura a tufafinsa da buhun dutse a kafaɗa zai iya maido da gubar gidan da aka riga aka tsabtace.

Ingila ta fuskanci tambaya makamanciyar wannan, ko da yake nata baƙin masu hutu ne. Tun wajen 2013 da 2014 ta sassauta wa manoma hanyar mayar da tsofaffin rumbuna da garken dabbobi gidajen zama ko wuraren kasuwanci, har da otal. Duk da sassaucin, kafin babban gini ya samu amincewa majalisar yanki na duba hanyar shiga, hayaniya, barazanar ambaliya, da kuma ko ƙasar wurin ta gurɓata. Dokar 1978 ta Najeriya ba ta ambaci gurɓata ba, domin ba don haka aka yi ta ba. Gurbin na hukumomin jiha ne su cike, kuma ba abu ne mai wuyar gaske ba: na'urar hannu da aka yi aikin tsabtace ƙauyukan da ita tana auna dalmar ƙasa cikin 'yan mintuna. Babu abin da ya hana Majalisar Dokokin Zamfara ta sa wannan awo ya zama sharaɗin buɗe masauki a yankunan haƙar zinare, ta kuma ba ƙananan hukumomin Anka, Bukkuyum da Gummi ikon karɓar takardun neman izini, don kada sai talaka ya yi kasadar tafiya Gusau.

A 2022 MSF ta miƙa shirinta na jinyar gubar dalma ga hukumomin jihar. Baƙon da zai kama ɗakin kwana biyu zai yi ya wuce. Matar gidan ce za ta share ƙurar, kuma 'ya'yanta 'yan ƙasa da shekara biyar, waɗanda dalma ta fi yi wa illa a ƙwaƙwalwa, su ne ke wasa a ƙofar ɗakin.