Awa 72 da Ake Ɓatarwa a Zaure

Idan aka yi wa yarinya fyaɗe a Fagge, cikin Kano, sau da yawa ba asibiti ake fara nufa ba, zauren mai unguwa ake nufa. A tara dattawa, a kira uban yaron da ake zargi, a yi ta ba da baki: a yi haƙuri, a rufa asiri, 'ya mace ce, kada a ɓata mata aure. Kafin a tashi daga wannan zama a sake wani, kwana uku sun shuɗe, alhali su ne kwanakin da likita ya fi buƙata. Maganin da ke hana ƙwayar ƙanjamau kama jiki sai an fara shan sa cikin awa 72, a ci gaba har kwana 28. Na hana ɗaukar ciki kuwa iyakarsa kwana biyar. Ga uwa nan, tana kuka ta dafa ruwan zafi ta gasa 'yarta, ta wanke zanen da ɗan kamfai ta shanya. Tausayi ne ya sa ta, amma ta wanke abin da alƙali zai tambaya.

Wurin zuwan ba nisa. Tun 2016 akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala, daga Kantin Kwari ɗan adaidaita ba zai daɗe bai kai ka ba. Kyauta ake duba wadda aka ci zarafinta, a ba ta magani, a rubuta rahoton da za a kai kotu, a kuma zaunar da ita da mai ba da shawara. Ba mata kaɗai ake kaiwa ba, har da yara maza, waɗanda nasu ya fi saurin binnuwa.

A Sabon Gari matsalar wata iri ce. Yarinyar da aka kawo aikatau daga ƙauye, ko mai tsaron shago da ta zo daga Kudu, ba ta da zauren da za a zauna dominta ma. Tambayar farko da za ta ji ita ce me ya kai ta. A nan ne jami'ar jin daɗin jama'a take da amfanin da likita ba shi da shi: ta raka ta caji ofis, ta samo mata wurin kwana idan a gidan da take aiki abin ya faru, ta haɗa ta da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ko hukumar ba da lauya kyauta, ta kuma riƙa leƙa ta bayan kowa ya watse. Aiki ne na zirga-zirga da kuɗin mota, shi ya sa ba kowa ke ganinsa ba.

Hukunci kam akwai shi a takarda. Dokar Penal Code ta Kano da aka yi wa gyara ta tanadi ɗaurin aƙalla shekara 14, har zuwa rai da rai, kuma a 2023 jihar ta samu dokar kare yara. Amma hanyar tana da tsawo. Kotun majistare, irin ta Nomansland, ba ta da hurumin yanke shari'ar fyaɗe, sai fayil ya je Ma'aikatar Shari'a a jira shawara kafin a kai babbar kotu. A wannan jiran ne uba mai ɗinki ko ɗan dako yake gajiya da rufe sana'arsa, dangin wanda ake tuhuma kuma su dawo da kuɗi a ambulan.

Ni a ganina ba kwaɗayi ne ke sa a karɓa ba. Ɗaure mutum ba ya biyan kuɗin magani, ba ya mai da yarinya makaranta. Dokar hana cin zarafi ta tarayya (VAPP), ta 2015, ta ba kotu ikon sa mai laifi ya biya diyya, amma sai jiha ta karɓe ta take aiki a cikinta, kuma Kano ta shafe shekaru tana jan ƙafa bayan Kaduna da Jigawa sun karɓa.