A-KORI-KURAR DAMINA: A DUBA KOFATO KAFIN A DUBA FENTI

Daga wakilinmu na Oforikrom, Kumasi

 Kwanan nan tambaya ɗaya ake ta yi mini, ko a masallaci bayan la'asar ko a wurin mai shayi a Aboabo: wace a-kori-kura ya kamata falke ya saya wadda za ta fitar da shi kunya in ruwa ya sauka? To, kafin in ba da amsa bari in fara da abin da ya same ni, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wata damina, cikin watan Yuni, wajen ƙarfe uku na dare, direban tirelar da ta ɗauko mana shanu daga Paga ya bugo waya daga Kintampo. Ya ce, "Alhaji, bajimi ɗaya ya kwanta, 'yan'uwansa suna taka shi. Mun sauke shi, amma in ba a zo da wuri ba sai dai wani labarin." Babu mahauci kusa, shi direban kuma bai yarda ya sa wuƙa a dukiyar da ba tasa ba. Na ce masa ya jira, ga mu nan. Muka tashi daga Oforikrom ni da yarona a cikin a-kori-kurata, wadda ban fi wata huɗu da saye ba, fentinta sai ƙyalli yake. Ana yayyafi. Mun wuce Offinso lafiya, mun wuce Abofour, muna dab da Akumadan sai ga kwana. Yaro ya ɗan taɓa birki, ba wani gudu yake ba, kawai sai muka ji bayan motar ya zame ya juyo gaba. Kafin mu gama salati muna cikin kwata. Allah Ya tsare rayukanmu, amma sai da gari ya waye aka jawo mu. Ko da muka isa Kintampo bajimi ya zama mushe.

Da aka kai motar Magazin a Suame, dattijon fitan da ya duba ta bai ko buɗe inji ba. Tsugunawa ya yi ya shafa taya, ya ɗago ya ce, "Maigida, kai da ba ka sayen sa sai ka duba kofato da haƙori, yaya aka yi ka sayi mota ba ka duba ƙafarta ba?" Wallahi har yau maganar nan tana kunnena.

DAMINARMU BA ƊAYA BA CE

Abin da ya sa zaɓen mota yake mana wuya shi ne, mu ruwa biyu muke sha. A nan Kumasi babbar damina tana kamawa tun wajen Maris ko Afrilu har Yuli, a ɗan sarara a Agusta, sa'an nan ƙarama ta dawo a Satumba da Oktoba. Amma daidai lokacin da aka sarara a nan, lokacin ne arewa take cikin marka, daga Tamale har Bolgatanga, Bawku da ƙetaren boda. Watau falken da yake zirga-zirga tsakanin Mayanka da kasuwannin arewa yana cikin ruwa fiye da rabin shekara.

Hanyar ma kashi biyu ce. Daga Kumasi zuwa Techiman, Kintampo, Buipe, Yapei, Tamale, Walewale har Paga kwalta ce, abin tsoro a kanta santsi ne da ramukan da ruwa ya rufe. Da ka sauka daga kwalta za ka shiga ruga ko ƙaramar kasuwar ƙauye kuwa, sai burji da taɓo da kwalbatin da ruwa ya cinye. Ga kuma madatsar ruwa ta Bagre a Burkina Faso, wadda akan buɗe a Agusta ko Satumba in ta cika, ruwan ya biyo Farar Volta ya malale fadamun arewa. Masu bin hanyar Wa zuwa Hamile ba su manta Agustan 2021 ba, da ruwa ya yanke babbar hanya a yankin Nadowli. Saboda haka kada mutum ya zaɓi mota da idon hunturu. Ya tuna hanya mafi muni da yakan bi a watan Agusta, ita ce za ta gaya masa abin da zai saya.

ƘAFA BIYU KO ƘAFA HUƊU?

A-kori-kura dai ba ta ɗaukar garke, wannan aikin tirela ne. Aikinta shi ne ta kai ka kasuwar daji, ta ɗauko dusa da kanwa da magani, ta kwaso ragunan Layya, ta kuma ceto dabbar da ta kwanta a hanya. Yawancin lokaci idan za ta tafi bayanta wayam yake, a nan kuwa matsalar take. Nauyinta duk yana gaba wajen inji, alhali tayoyin baya ne suke tura ta. In babu kaya, tayoyin nan ba su danne ƙasa sosai, da sun hau jiƙaƙƙiyar kwalta sai su zame. Abin da ya jefa mu kwata ke nan. Maganinsa mai sauƙi ne: buhu biyu ko uku na yashi a ɗaure daidai saman aksul na baya, a kuma rage gudu tun kafin a shiga kwana.

Wanda harkarsa ba ta wuce kwalta ba, daga Oforikrom zuwa Kaase, ko Techiman da Ejura, mai jan ƙafa biyu ta ishe shi, ga sauƙin mai ga sauƙin gyara. Amma mai shiga daji cikin marka, ba shi da zaɓi sai mai jan ƙafa huɗu, wadda direbobi suke kira fo-wil, kuma wadda take da ƙaramar giya ta taɓo, wadda ake rubuta wa 4L. In an sami mai makullin aksul na baya, wanda yake sa tayoyin baya biyu su juya tare ko da ɗaya tana lilo a laka, to an dace.

Sai dai a kula da abu biyu. Na farko, fo-wil ɗin yawancin motocin nan, irin su Hilux, Hardbody da D-Max, na ƙasa mai laushi ne. In aka sa shi aka yi ta tafiya a kan kwalta mai ƙarfi, giya ce za ta ci wuya. L200 mai tsarin Super Select ce aka yi ta don ta iya tafiya da ƙafa huɗu a kan kwalta. Na biyu, fo-wil yana taimaka wa mota ta tashi ne, ba ya taimaka mata ta tsaya. Birki da taya ne masu wannan aiki.

Kuma kada tsayin mota ko rubutun jikinta ya ruɗe ku. Akwai waɗanda ake kawowa daga Amurka, kamar Tacoma PreRunner, dogaye kamar fo-wil amma ƙafa biyu suke ja. A kwanta a leƙa ƙarƙashi a ga ko akwai sandar da ta tafi zuwa tayoyin gaba. Su kuma ƙananan Kia da Hyundai masu shimfiɗaɗɗen baya, da ake kira Abossey Okai Macho, gwanaye ne wajen ɗaukar kaya a gari, amma tayoyinsu na baya ƙanana ne, cikinsu yana kusa da ƙasa, ba na taɓo ba ne.

TAYA ITA CE KOFATO

Zanen da yake jikin taya magudanar ruwa ce. In ya suɗe, ruwa ba shi da wurin fita, sai motar ta hau kansa tana yawo kamar kwalekwale, sitiyari ya daina jin magana. Dokar hanya ta Ghana ta 2012, watau L.I. 2180, ta ce zurfin zanen kada ya kasa milimita 1.6, kuma kada taya ta wuce shekara huɗu da ƙerawa. Ni a ganina wanda zai yi damina a hanyar arewa ya canja tun zanen yana wajen milimita 3.

Sanin shekarun taya ba wuya. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT. Biyu na farko mako ne, biyu na ƙarshe shekara. In ka ga 2319, mako na 23 ne na shekarar 2019. Tawa da fita ya karanta mini, ta haura shekara tara, robar ta bushe ta yi tauri, ga shi ta ƙasashen ƙanƙara ce da aka kawo ta hannu. Araha ba ta ado. Game da iri kuma, taya mai manyan haƙora ta laka tana da kyau a daji, amma a jiƙaƙƙiyar kwalta ba ta riƙo sosai. Tunda tafiyarmu mafi yawa kwalta ce, matsakaiciya mai alamar A/T ta fi dacewa da mu.

RUWA DA INJI

Kowace mota tana da hancin da take shaƙar iska. A buɗe gaba a ga inda yake. In ruwa ya shiga ta nan ya kai cikin injin dizal, ƙarafan ciki lanƙwashewa suke yi nan take, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Kamfanin Toyota ya ce Hilux fo-wil ta zamanin nan tana iya ratsa ruwa mai zurfin santimita 70, Ford kuma ya ce Ranger tana kai 80. Amma fa wannan lissafin sabuwar mota ne, a ruwa kwantacce, a ƙasa mai ƙarfi, ana tafiya a hankali. Ruwa mai gudu wani abu ne dabam. Wanda ya kai santimita 60, watau ya ɗan haura gwiwa, yana iya tafiya da a-kori-kura sukutum. In yaron mota ba zai iya ratsawa da ƙafa ba, to mota ma ba za ta ratsa ba. A kwana a nan gefe, kasuwa tana ci wani mako. Haka in an yi ruwa mai ƙarfi a nan cikin gari, rafin Aboabo da na Sisai ba abin wasa ba ne.

In an ratsa ruwa, a riƙa ɗan taka birki ana tafiya har ya bushe, a kuma duba man aksul in an iso gida. In ya koma fari kamar nono, ruwa ya shiga, a canja shi. In kuwa mota ta mutu a tsakiyar ruwa, don Allah kada a sake murza makulli. A jawo ta.

TSOHUWA KO SABUWA?

Tsofaffin injuna irin 3L da 5L na Toyota ko TD27 na Nissan ba su da kwamfuta mai yawa, kusan kowane fita daga Suame har Bolgatanga zai taɓa su, kayan gyara kuma a ko'ina. Sababbi sun fi ƙarfi, suna da birkin ABS da na'urar da take kama mota in ta fara zamewa, abin da da ina da shi a daren Akumadan wataƙila da labarin ya canja. Amma ba su son gurɓataccen mai, ɗan ruwa kaɗan a cikin dizal sai ya lalata nozul. Mai hali ya sani cewa tun 2021 ake haɗa Hilux a Tema, Navara kuma tun 2022, ba sai an jira jirgin ruwa ba. Kowace za ka saya, tambayi kanka: in ta lalace a Walewale ran Juma'a, zan sami kayanta kafin Lahadi?

Mai sayen ta hannu ya yi hattara da motar da ambaliya ta taɓa cinyewa a ƙasar waje, aka wanke aka turo mana. A ɗaga kafet a shinshina, a duba tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera, a nemi busasshiyar laka a lungunan da mai wanki ba ya kaiwa. A ƙwanƙwasa shasi da guduma, musamman in daga Kanada take, inda gishirin da suke zubawa a hanya yake cin ƙarfe. A gwada waifa, fitilu da iskar da take share hazo daga gilashi. In da hali ma, ranar da ake ruwa za a gwada ta, kuma a tafi da fitanka, ban da na mai sayarwa. Ba a cinikin biri a sama.

KAYA DA TAKARDU

Yawancin motocin nan abin da aka ƙayyade musu bai wuce tan ɗaya ba, har da mutanen da suke ciki. Babban bajimi yakan haura kilo 350, ga shi a tsaye yake, yana motsi, nauyinsa yana sama. Biyu sun isa, a cikin ruwa ma ɗaya ya fi. Mai ƙofa biyu ta fi tsawon baya, ita ce ta dabba. Mai ƙofa huɗu ta mutane ce da jakar takardu. A sa maƙera su yi keji mai ƙarfi, a zuba yashi ko garin katako a daɓen, domin kashin shanu in ya haɗu da ruwa a kan ƙarfe ya fi sabulu santsi. Kada a rabu da igiyar ja, shebur, adda da faffaɗan katakon da za a ɗora jak a kai.

Tun 1974 Ghana take tuƙi a hannun dama, don haka kada wani ya tallata muku mai sitiyari a dama komai arahar ta. Masu ƙetarawa ta Paga, Hamile ko Kulungugu kuma su tuna cewa Burkina Faso, Mali da Nijar sun fita daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025. Kafin a tashi a je ofishin inshora a tabbatar takardar da ake riƙe da ita tana aiki a inda za a.

Ni dai motar nan tawa tana nan, ban sayar ba. Na sa mata sababbin tayoyi huɗu, buhun yashi uku kuma ba ya sauka daga bayanta daga Afrilu har Nuwamba. Kuɗin tayoyin gaba ɗaya bai kai rabin kuɗin bajimin da na rasa ba. Duk ɗan'uwan da yake shirin saye bana, ya same ni bayan la'asar mu je mu tsuguna mu duba tare.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa a sayar da riba. Amin.