Mene Ne df a Lissafin Ƙididdiga?

Ɗalibi ya zuba bayanansa a manhajar SPSS, teburin sakamako ya fito, sai ga wasu ƙananan haruffa biyu, df, da lamba a ƙarƙashinsu. Da yawa kwafe lambar kawai suke yi su saka a kundin bincike, ba su san daga ina ta fito ba. Abin takaici ne, domin da ita ake yanke wa sakamakon hukunci.

Haruffan gajarta ce ta kalmomin Turanci da ke nufin yawan lambobin da suka rage da 'yancin sauyawa a cikin lissafi. Wasu littattafan kan rubuta harafin Girkanci ν a madadinsu.

A ɗauki buhunan masara 5 da aka san matsakaicin nauyinsu kilo 100 ne, wato jimillarsu 500. Na farko ya ba da 98, na biyu 103, na uku 101, na huɗu 97. An samu 399 ke nan. Buhu na biyar ba sai an ɗora shi a sikeli ba, dole ya zama 101. Fitar da matsakaici ya cinye 'yanci ɗaya, saura 4. Shi ya sa wajen auna bazuwar lambobin samfuri ake rabawa da n − 1 maimakon n, wato yawan lambobin.

Tasirin df a bayyane yake a teburin gwajin t. A ma'aunin kashi 5 cikin 100, mai df 4 sai lissafinsa ya haura 2.776 kafin a ce bambancin da ya gani ya wuce dace. Mai df 30 kuwa 2.042 ya ishe shi. Ƙaramin samfuri, shinge mai tsawo.

William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a Dublin, shi ya buɗe hanyar gwajin t a 1908 da sunan aro, Student, saboda ƙananan samfuran da yake fama da su a wurin aiki.

Su kansu manyan fannin sun yi rigima a kan wannan lamba. A 1922 Ronald Fisher ya nuna cewa Karl Pearson ya yi kuskure a gwajin χ² da ya ƙirƙiro a 1900: a tebur mai layi 2 da ginshiƙi 2, df ɗaya ce, ba 3 ba. Pearson ya ƙi yarda, ya mayar da martani a mujallarsa Biometrika. Fisher ne da gaskiya. Mai bin Pearson sai ya jira lissafinsa ya haura 7.81, alhali 3.84 ya wadatar, ta haka alaƙa ta gaske za ta wuce shi bai gane ta ba.