A bakin tabkin Tabalak: don tuwon gobe ake wanke tukunya

Mutumin da ya taso daga Sabon Gida ta ƙasar Madawa, ya bi ta Buza da Kaita ya faɗa Tawa, sa'an nan ya kama hanyar Agadas, in ya yi tafiyar kilomita 50 ko kusa da haka sai ya tsinkayi ruwa shimfiɗe a gefen hanya. Tabkin Tabalak ke nan, cikin gundumar Abalak. In lokacin ɗari ne zai tarar da motoci tsaye, ƙanshin suyar kifi ya gauraye wuri, mai shayi na fifita gawayi, matafiya kuwa sun miƙe ƙafa bisa tabarmi cikin rumfuna. Baƙo ya ci, ya sha, ya yi salla, wani ya kwana, da safe ya wuce. Abin da ba ya gani shi ne wahalar da mai masauki da iyalinsa suka sha cikin watannin da babu baƙi, kafin rumfar nan ta tsaya da ƙafafunta.

Inda baƙi ke fitowa

Ruwa da hanya su ne suka raya Tabalak. Wajen shekarar 1980 aka gama shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit, saboda jigilar ma'adinin uraniyom. Tun daga nan garin ya zama zango ga direbobi da fatake da ma'aikata masu rangadi. A shekarun 1980 Turawa masu yawon buɗe ido su ma sun riƙa bi ta nan, za su duwatsun Abzin da hamadar Tenere. Tawayen da aka yi a arewa daga 1990 zuwa 1995, da wanda ya biyo baya daga 2007 zuwa 2009, da satar ma'aikatan kamfani a Arlit cikin watan Satumba na 2010, duka sun tsinke wannan kasuwa. Wanda ya gina ɗaki don jiran Bature ya koyi darasi: baƙon da ake dogara da shi ɗan ƙasa ne, mai zuwa Agadas fatauci, ko mai zuwa bikin makiyaya na Ingal a ƙarshen damana, ko ma'aikacin da aka aiko aiki.

Akwai kuma waɗansu baƙin da ba su biyan kuɗin kwana. Kowace shekara, in sanyi ya kama ƙasashen Turai, tsuntsayen ruwa kan ƙetare hamada su sauka a tabkin, su tarar da zalɓe da belbela da kirinjijiya 'yan gida. Saboda su da sauran albarkar ruwan ne a 2005 aka sa Tabalak cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci ga duniya, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a Ramsar ta ƙasar Iran a 1971. Tabkin Ɗan Dutsi, shi ma na jihar Tawa, ya shiga jerin a shekarar nan.

Aikin bazara

Daga watan Maris zafi kan sauko, ma'auni ya haura 40, matafiya su ragu, wanda ya tsaya ma ba ya son daɗewa. Ruwa ya ja da baya, rumfar da ke dab da gaɓa cikin Disamba ta koma nesa, tsakaninta da ruwa sai fasasshen laka. A nan ne aikin mai masauki na gaskiya ke farawa.

Da fari sai a kwance rumfa. Kowace dirka sai an tone ta an duba gindinta, domin gara ba ta sallama kafin ta shiga. Wadda ta ciwu a sake ta, wadda ta tsira a shafa mata baƙin mai a mayar. Zanar da hunturu ya yayyaga a sako sabuwa. Ɗakunan ƙasa kuma yaɓe suke bukata: a kwaɓa ƙasa da ciyawa da kashin dabbobi, a bar ta ta ruɓa kwanaki, a liƙe tsagar bango, a gyara rufi, a buɗe indararo. Wanda ya yi sakaci har hadarin farko ya taso cikin Mayu ko Yuni, da guguwar da ke riga shi isowa, ya san sauran labari.

Mata su ne da aikin cikin gida. Su shanya katifu da barguna, su ɗinke gidajen sauro, su kankare kaskon suya da ya yi wata huɗu bisa wuta, su ware tabarmin da suka mutu. Samari kuwa su yashe rijiya tun ruwa na ƙasa, domin yasar rijiya ba ta yiwuwa da damana. Salga ma a wannan lokaci ake haƙa sabuwa, nesa da rijiya, nesa da gaɓa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce: inda mutane ke fitsari cikin tabki, nan tsargiya ke yaɗuwa, yara masu wanka su ne farkon kamuwa.

Inda ruwa ya janye ba a barin ƙasa banza. Ana bin damshi a shuka wake da rogo da dankali, a yi fangalin tumatir da albasa. Abin da lambun ya bayar shi ke riƙe tukunyar gida sa'ad da aljihu ya bushe. Sai dai makiyaya, Buzaye da Fulani, su ma da ruwan nan suka dogara, kuma bazara ce lokacin da bisashe suka fi matsuwa. Mai lambun da ya toshe mashaya da shinge ya sayi rigima da kuɗinsa. Dokar ƙasar noma da kiwo ta 1993 ta tanadi hukumomin filaye domin irin wannan, amma dattawa sun san gara a bar burtali a buɗe da a je gaban hukuma.

Kifi da masunta

Masauki a Tabalak ba ya tsayuwa in babu kifi. Tarwaɗa da gaiwa tun asali sun saba da tabkunan da ke ƙafewa. Gaiwa ma takan shige laka ta yi barcinta har ruwa ya dawo. Amma giwan ruwa da karfasa, waɗanda baƙi suka fi nema, irinsu ake kawowa a zuba a tabkunan jihar. In an zuba iri, ma'aikatan ruwa da daji tare da ƙungiyar masunta kan hana su na ɗan lokaci, don kifi ya hayayyafa ya girma.

Wannan hutu ba na kwanciya ba ne. Masunci ya jawo jirginsa tudu ya toshe kafofinsa, ya ɗinke koma da birgi, ya sake ƙugiyoyin mamari da suka yi tsatsa, ya gyara wurin banda. Jarrabawa kuwa tana nan ga mai suya: in yunwar ciniki ta sa ta karɓi ƙananan kifi daga hannun mai raga mai ƙanƙanen ido, yau ta ci riba, baɗi kaskonta ya zauna babu abin soyawa. Mai saye da mai kamu laifinsu ɗaya.

Damana da littafin lissafi

Shamuwa na isowa, hankalin kowa ya koma gona. Korama ta ɗauko, tabki ya fara cika, sauro ya yi yawa. Mai masauki ya kwashe kayansa zuwa tudu, ya tona magudana kewaye da ɗakuna, bayan kowane ruwa ya zagaya ya ga inda ya yi yoyo. Da safe yana gona, da marece yana jiran ko wata mota ta tsaya.

A nan ne amfanin yaƙi da jahilci ke bayyana. Sana'ar da ke kawo kuɗi wata huɗu ko biyar, ta ci kuɗi wata goma sha biyu, ba a riƙe ta da ka. Wanda ya iya rubutu yakan buɗe littafi: shafi guda na abin da ya shigo, shafi guda na abin da ya fita, na uku kuma na bashi, domin direban da ya ce sai ya dawo daga Agadas ba kullum yake dawowa ta hannun da ya tafi ba. Cikin kowace jika da ta shigo lokacin ɗari, sai a ware rabon bazara: kuɗin zana, ladan magini, kuɗin takardar izinin su, harajin hukuma. Mata da yawa a ƙauyukan Nijar sun sami mafita ta asusun Mata Masu Dubara, tsarin da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, inda ake zubi kowane mako, mai bukata ta ranta ta biya da ɗan abin da aka yarda. Da irin wannan rance mai suya kan sayi mai da itace a farkon kaka, ba tare da ta sayar da akuyarta ba.

Babban abokin gaba

Duk gyaran da aka lissafa na gida ɗaya ne. Akwai gyaran da ya fi ƙarfin gida ɗaya. Ruwan saman da ke sauka a Tawa cikin shekara, in an daidaita, bai kai milimita 400 ba, alhali rana da iska na iya shanye fiye da mita 2 daga fuskar tabki. Tabkin da ba shi da zurfi ba ya jure wannan. Ga shi kuwa kowace damana koramu na kwaso yashi da laka daga tuddan da aka sare itatuwansu, su juye cikin ruwa. Da rani iska ta ƙara nata. Itacen da ake banda da suya da shi, daga tuddan nan yake fitowa. Ashe mai masauki na iya cike tabkinsa da hannunsa bai sani ba.

Maganin ba a nesa yake ba. A kwarin Majiya ta ƙasar Buza, tun 1975 manoma suka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska, gonakinsu suka farfaɗo. A Kaita, aikin raya karkara da aka soma a 1984 da taimakon ƙasar Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya jera duwatsu bisa fako, ya haƙa ramukan tare ruwa a jikin tuddai, ya datse koramu, aka dasa miliyoyin itatuwa. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne, kuma da rani suka yi aikin, lokacin da ake cewa babu abin yi. Abin da ya tsare ƙasa a Kaita zai tsare ruwa a Tabalak, in masu masauki da masunta da masu lambu da makiyaya suka ɗauki tudu tamkar bangon ɗakinsu, hukuma kuma ta tsaya musu da iri da kayan aiki. Murhu mai tattalin itace ma, komai ƙanƙantarsa, gudummawa ce.

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma gaskiya ne. Amma baƙon da zai tsaya a Tabalak cikin watan Nuwamba, bayan fuska yana bukatar inuwa da ruwa mai tsabta da kifi a kasko, waɗannan kuwa tun Afrilu ake tanadinsu. Allah ya ba da damana mai albarka, ya cika tabki, ya kai matafiya gida lafiya.